Sautuka Shida: Yadda Sinawa Ke Lallaɓa Huhun da Ya Gaji

Mai fama da toshewar huhu ta dindindin, wadda likitoci ke kira COPD, babbar wahalarsa tana wurin fitar da numfashi. Ƙananan hanyoyin iska sun yi laushi, da ya yunƙura zai fitar da iska da sauri sai su rufe, tsohuwar iska ta maƙale a ciki, sabuwa ta rasa wurin shiga. Shi ya sa ɗan tattaki zuwa bakin ƙofa kan bar shi yana haki. A ƙasar Sin, wani babban bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta masu wannan ciwo da kusan miliyan 100.

Abin burgewa shi ne Sinawa sun daɗe da gane inda gizo ke saƙar. Tao Hongjing, malamin magani da ya rayu daga 456 zuwa 536, ya rubuta cewa hanyar shaƙar iska ɗaya ce, amma ta fitar da ita shida ce. Daga nan atisayen Liuzijue ya samo tushe: sautuka shida, xu, he, hu, si, chui da xi, kowanne da yadda ake shirya baki da harshe. A 2003 hukumar wasannin ƙasar ta daidaita shi, ta haɗa kowane sauti da motsin jikinsa.

Dubi sautin si, wanda a ilimin gargajiyarsu na huhu ne. Gwani zai tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa. Yana shaƙar iska ta hanci yana ɗaga hannuwa zuwa ƙirji, ya sauke gwiwar hannu, ya matse allunan kafaɗa ta baya har ƙirjin ya buɗe. Sai ya ɗan rusuna, ya saki kafaɗu, ya tura tafuka gaba a hankali, iska na zirarowa ta tsakanin haƙora. Hannu ba ya riga numfashi isa, numfashi ba ya riga hannu ƙarewa. Haka zai maimaita sau shida. Gwanintar duk tana cikin wannan daidaito, kuma da wuya mai gaggawa ya same ta.

Hikimar abin a fili take. Idan iska na fita ta ƙuntatacciyar kafa, kamar mai hura kunu mai zafi, matsin da ke komawa baya yana riƙe hanyoyin huhu a buɗe, iskar da ta maƙale ta samu fita. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya karɓi aikinsa, tsokokin wuya su huta, tsoron shaƙewa ya ragu. Rusunawar kuma tana ƙarfafa cinyoyi, waɗanda zaman jinya ke saurin cinyewa.

An gwada ɗan'uwan Liuzijue, wato atisayen Tai Chi. A wani gwaji a lardin Guangdong na ƙasar Sin da aka wallafa a 2018, an raba majinyata 120 gida biyu: wasu Tai Chi, wasu atisayen asibiti na farfaɗo da huhu, dukansu suna shaƙar maganinsu. Bayan mako 12 ribar ta zo kusan ɗaya. Wasu mako 12 bayan kammala atisayen, 'yan Tai Chi suka fi jin sauƙin rayuwa.

Fasahar Liuzijue ba ta mayar da huhun da ya lalace sabo, kuma ba ta maye gurbin magani ko barin taba. Amma tana koya wa majinyaci cin moriyar abin da ya rage masa, ba na'ura, ba kuɗi, har a zaune ana iya yi. Mu da iyayenmu mata suka tsufa a gaban hayaƙin murhu, wannan ilimi ya shafe mu. In kana da mai irin wannan ciwo a gida, ka tambayi likitansa atisayen numfashin da ya dace da shi, sannan ka zauna ku riƙa yi tare.