In Hutu Ne, A Huta

Tun annobar korona ta 2020, da taron ofis ya koma kan Zoom da Teams, wata ɗabi'a ta samu gindin zama. Mutum yana bakin teku a Zanzibar ko gindin bishiya a Yankari, sai ya buɗe kwamfuta ya shiga taro. A shekarar ma Barbados da Estoniya suka fitar da biza ta musamman ga masu aiki daga nesa. Ban ƙi kowa ya yi aiki daga garin da ya ga dama ba. Abin da na ƙi shi ne a mayar da filin Allah ɗakin taro.

Abokan aiki ne ke shan wahalar. Iska na bugun makirfo, murya na yankewa, rabin lokaci ya tafi a "Kana ji na?" da "Maimaita, ba mu ji ba." Rana tana bayan mai magana, fuska ta koma baƙi ƙirin. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone a zafin da bai wuce digiri 35 ba, bazarar Bauchi kuwa takan haura haka, sai wayar ta dushe haskenta ko ta tsaya cak ana tsaka da bayani. Wanda ya san biran da ke yawo a sansanin Wikki na Yankari ya san hankalin mai jaka a gefe ba ya kan taro.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. Ana maganar albashin wani ko sallamarsa daga aiki, mai lemo da 'yan teburin kusa suna ji. Intanet ɗin da kowa ke hawa kyauta ba wurin ajiye sirrin ma'aikata ba ne. Ga matan mutane da yaransu suna wanka a baya, kyamara na kai su gaban baƙi ba da saninsu ba. Wa ya nemi izininsu?

Sannan hutun kansa ya lalace. Yara sun zo wasa da babansu, an ce su yi shiru. Taura biyu ba ta taunuwa. Tun 2017 dokar Faransa ta amince ma'aikaci yana da haƙƙin kashe na'urorin aiki bayan tashi, mu kuma da hannunmu muke jefar da wannan haƙƙin.

In taron ya zama dole, a shiga ɗaki, a rufe ƙofa, a sa abin kunne, a gama cikin mutunci. In bai zama dole ba, a wakilta wani tun kafin tafiya. Shugabanni kuma su daina kiran wanda suka sa hannu a takardar hutunsa.