Tsokaci Kan Koyar da Ginin Jimla a Makarantun Yammacin Zamfara

Tun daga shekarar 1955, da aka kafa Hukumar Harshen Hausa, aka duƙufa wajen tabbatar da Daidaitacciyar Hausa, wadda ta fi kusa da Kananci. Wannan abin yabo ne. Sai dai yadda ake koyar da ita a firamaren Anka da Gummi da Bukkuyum yana bukatar a sake dubawa.

Yaron waɗannan garuruwa yakan shigo aji da cikakken nahawu a bakinsa, wato na Hausar Yamma. Yakan ce "Musa na yaz zo" a maimakon "Musa ne ya zo", da "rigag ga" a maimakon "rigar nan", da "munka" da "sunka" a maimakon "muka" da "suka". In ya rubuta haka, sai malami ya ja masa jan biro, ya ce kuskure ne. To, a nan gizo yake saƙa. Babu ƙa'idar jimla ko ɗaya da yaron ya karya. Hasali ma karin harshensa ya fito da abin da daidaitaccen rubutu ya ɓoye: ya bambanta "ya zo" na shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da "yaz zo" na biyu, alhali a littafi duka biyun "ya zo" ake rubutawa. Ƙamusun Bargery na 1934 ma ya kawo kalmomin Sakkwatanci masu yawa, bai kira su kuskure ba.

Kuskure na haƙiƙa daban yake: haɗe kalmomi kamar "yazo" da "dashi", da barin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, da jimla marar aya. Idan aka yi wa wannan da wancan hukunci ɗaya, yaro zai ɗauka maganar iyayensa ce gurɓatacciya, ya riƙa jin tsoron alƙalami. Daga nan sai ya koma haddar ma'anar suna da aikatau, amma wasiƙar layi biyar ta gagare shi.

Abin da ya kamata shi ne malami ya raba allo biyu. A dama a rubuta jimlar yadda yaro ya faɗe ta, a hagu kuma yadda take a littafi, yara su gano bambancin da kansu. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai kwalejojin ilimi sun koya wa malaman nazarin karin harshe tare da nahawu.