Alƙalamin Clare Boothe Luce Kafin Tuba da Bayanta

In marubuci ya tuba, alƙalaminsa ƙara kaifi yake yi ko dakushewa? Bari mu duba Clare Boothe Luce, Ba'amurkiya, wadda aka haifa a 1903, ta rasu a 1987.

Mace ce ta cikin daula, matar Henry Luce mai mujallar Time. A 1936 aka nuna wasanta The Women, watau Matan, a birnin New York. Ko namiji ɗaya ba ya fitowa a dandali, amma a kan maza ake dukan faɗan. Mary Haines ta ji daga bakin mai gyaran farce cewa mijinta na neman wata mai sayar da turare, ƙawayenta kuwa suka yi ta zuga ta har ta tafi Reno aka raba auren. Marubuciyar ta san hanyar, gama a Reno aurenta na fari ya mutu a 1929. Shi ya sa gulmar matan nan take da rai. Wasan ba shi da tausayi, gaskiya ne, amma ya tona zunubin harshe fiye da wa'azi da yawa, har mai kallo yakan tuna da wasiƙar Yakubu.

A 1944 ɗiyarta tilo, Ann, ta mutu cikin haɗarin mota tana da shekara 19. Baƙin cikin ya kai uwar wurin Fada Fulton Sheen, ta shiga Ikkilisiyar Katolika a 1946. Daga nan ta rubuta labarin da aka yi fim ɗin Come to the Stable da shi a 1949: sistoci biyu sun zo daga Faransa don su gina asibitin yara a Amurka. Labari ne mai daɗi, amma a ganina ya cika sanyi. Duk mai taurin zuciya da sistocin suka tarar, nan da nan sai ya yi laushi. Wadda ta binne ɗiyarta ta san bangaskiya ta fi haka wuya, ba ta kuwa bar wannan sanin ya shiga labarin ba.

Daga 1953 zuwa 1956 tana zaune a Roma, jakadiyar ƙasarta a Italiya, hankalinta na kan yaƙi da kwaminisanci. A can ta yi ciwo mai tsanani, aka gano guba ce daga fentin rufin ɗakin kwananta. Cikin wasanninta duka, The Women ne aka fi maimaitawa a dandali.