Hujjar Anselm da Tsibirin Gaunilo

Akwai wani ƙaramin littafi da ya kamata ka san labarinsa, ko da ba za ka taɓa riƙe shi ba. Sunansa Proslogion. Anselm ne ya rubuta shi wajen shekara ta 1078, yana gidan zuhudu na Bek a Faransa, kafin a naɗa shi Babban Bishop na Kantabari a 1093.

Hujja guda ya nema, mai tsayawa da ƙafarta, wadda ba ta jingina ga abin da ido ke gani. Ya ce Allah shi ne wanda hankali ba ya iya kawo wani da ya fi shi girma. Ko wawan nan na Zabura ta 14, mai musun Allah a zuciyarsa, yana fahimtar wannan magana in ya ji ta. To, abin da ke akwai a zahiri ya fi wanda ke cikin tunani kaɗai. In kuwa a tunani kaɗai Allah yake, ashe ana iya tunanin wanda ya fi shi, maganar ta ci karo da kanta ke nan. Saboda haka, in ji Anselm, lalle Allah yana nan.

Wanda ya fara tanka masa mai bi ne, ɗan zuhudu kamarsa, Gaunilo. Ya ce a kawo a zuci tsibirin da ya fi kowane tsibiri albarka. Ko wannan ya isa a ce yana cikin teku? Anselm ya amsa cewa tsibiri yana da farko, ana iya tunanin rashinsa, Allah kuwa ba haka yake ba. Amsar ta kau da tsibirin, amma a ganina ba ta kau da damuwar ba. Manomi yana iya siffanta rumbunsa cike maƙil, ba kuwa siffantawar ce za ta zuba masa hatsi ba. Toma Akwinas, wanda ba a shakkar bangaskiyarsa, bai karɓi hujjar ba, Kant ma ya soke ta a 1781.

Don haka in ɗanka ya dawo daga jami'a da shakka a ransa, kada ka tare shi da wannan hujja kana zaton ka rufe masa baki. Zai ji kamar dabara aka yi masa, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Duk da haka ina son littafin. Yawancinsa addu'a ce: Anselm da Ubangiji yake magana, ya riga ya ba da gaskiya, fahimta yake roƙo. Masu tsame hujjar daga cikin addu'ar sun raba ta da mazauninta. Da sukar Gaunilo ta iso masa kuwa, ya gode masa, ya kuma nemi duk mai kwafar littafin ya haɗa da sukar da amsarta.