Guntun Gatarinka: Nazari Kan Daɗin Aikin Hannu a Ƙasar Birnin Gwari

Da an gama kaka a ƙasar Birnin Gwari, an kai masara da dawa rumbu, sai wani aikin ya kankama wanda ba a biyan kowa ladansa. Yara su bazu a gonaki suna tsintar kara, magidanta su duba inda damina ta zaizaye katanga, samari su kwance babur a ƙofar gida. Wannan al'ada ta gyara abinka da hannunka ta cancanci nazari, domin cikinta akwai tarbiyyar da aji ba ya bayarwa.

A fara da motar kara. Yaro zai feƙe ɓawon karan dawa, ya yi tsinke da shi, ya riƙa soka shi cikin laushin karan har ya tada bodin tirela irin waɗanda ke bi ta garin zuwa Kaduna ko Tegina. Tayoyi daga tsohon silifa yake yanko su. In gatarin ƙafar ya karkace, motar ba za ta tafi ba, kome daɗin bakin mai ita. Nan yake fara gane cewa aikin hannu ba ya karɓar uzuri.

Darasin ne ke bin sa har ya girma. Mai yaɓe yakan jiƙa ƙasa ta kwana, ya tattake ta da ciyawa, ya mara wa bango, ya bi da tafin hannu yana lailayewa har sawun yatsunsa ya zauna a jiki. Mata su yi daɓe, su yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, ɗaki ya yi sulɓi. Alƙalin wannan aiki ruwan Agusta ne. Haka mai babur ɗin Boxer da ya wanke kafireto, ya goge fulogi, ya taka sau ɗaya inji ya amsa: murmushinsa ba na kuɗin bakanike da ya tsira da su ba ne kaɗai. Ya fahimci abin da yake hawa. Ba'amurke Matthew Crawford, wanda ya bar aikin ofis ya buɗe shagon gyaran babura, a kan wannan gamsuwar ya rubuta littafi a 2009.

Sai dai al'adar ta sha duka. Shuci, gora da itacen rufi daga daji ake samo su, dajin kuwa, har da Kamuku da aka keɓe tun 1936 ya zama gandun ƙasa a 1999, ya daɗe yana hannun 'yan bindiga. A 2021 gwamnatin Kaduna ta hana hawa babur na wani lokaci. Wanda ya kwana da shirin gudu ba ya yaɓe katanga. Ga bulo da kwano sun rage buƙatar yaɓe, motocin roba da waya sun ɗauke hankalin yara. Mu ma da laifinmu: sau nawa ake korar yaro daga kan motarsa da cewa wasan banza ne?

Ba cewa ake a koma ginin ƙasa dole ba. Siminti ya fi jure ruwa, kuma wani gyaran sai gwani. Abin kiyayewa shi ne halin nan na mutum ya dubi abin da ya lalace ya ce bari in gwada.

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, masu komawa ƙauyukansu na tarar da bango a zube, rufi a yaye. Taimakon hukuma wajibi ne, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Iyaye su riƙa jawo 'ya'yansu kusa in ana gyara, su miƙa musu sufana, su bar su su ɓata su sake. Garin da zai sake ginuwa yana buƙatar yaran da suka saba gini.