PCR ta ga Aeromonas a jikin tarwaɗa: to, ita ce ta kashe kifin?

A 'yan watannin nan na karanta takardun bincike da dama kan cututtukan tarwaɗar kiwo, kuma yawancinsu tafiyarsu ɗaya ce. A ɗauko kifi, a ciro DNA, a yi gwajin PCR, da zarar layi ya fito a kan jel sai a rubuta cewa Aeromonas hydrophila ce ke kashe kifin. A nan fa nake da ja.

PCR kam ba ta da laifi. Tun da Kary Mullis ya ƙirƙiro ta a 1983, aikin da kan ci kwanaki ana jiran bakteriya ta tsiro a faranti ya koma na 'yan sa'o'i. Sai dai guntun DNA kawai take gani. Ba ta san ko mai shi yana raye ko ya mutu ba, balle ta ce shi ya jawo ciwo. Ita kuwa Aeromonas 'yar gida ce a ruwan tafki, ana samunta a fata da hanjin kifi mai ƙoshin lafiya. Ganinta a can ai ba labari ba ne.

Sannan da yawa sun dogara da kwayar halittar 16S rRNA, alhali nau'o'in Aeromonas sun yi kama da juna ƙwarai a wannan wurin. Da aka koma amfani da gyrB da rpoD, an gano cewa wasu da aka laƙaba wa suna hydrophila, ashe A. veronii ne ko A. dhakensis.

Ko sunan ya yi daidai ma, bai wadatar ba. A 2009 wani iri na A. hydrophila mai tsananin kisa ya afka wa gonakin kifi a Alabama ta Amurka. Sunansa ɗaya da wadda ke zaune lafiya a kowane tafki, sai da aka tsara gwaji na musamman domin bambance shi.

Mai kiwo ne ke biyan kuɗin wannan gaggawa. An ce masa bakteriya ce, sai ya zuba oxytetracycline a abinci, alhali amoniya ce ta taru, iskar oksijin ta yi ƙasa, kifi ya yi wa tafkin yawa. Kifi ya ci gaba da mutuwa, bakteriya kuma ta fara jure magani.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. A ɗauki samfuri daga ƙoda da saifar kifin da ke gargara, kada a ɗauka daga wanda ya kwana a mace. A haɗa da kifi masu lafiya daga tafki ɗaya domin kwatance. A auna ruwan. A shuka bakteriyar a gwada maganin da ke kashe ta, in da hali a yi qPCR a san yawanta. Wanda bai yi waɗannan ba, ya rubuta cewa ya ga Aeromonas, ya tsaya nan.