2.4 Sharhi a Kan Ra'in Danganta Ma'ana da Gaɓoɓin Jiki

Tun daga 1874, lokacin da likitan nan na Jamus Carl Wernicke ya bayyana marasa lafiya masu magana tiryan-tiryan amma ba sa fahimtar abin da ake faɗa musu, masana suka ɗauka cewa ma'ana tana da mazauni guda a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Hauk da Johnsrude da Pulvermüller (2004) sun zo da wata fahimta dabam. Sun gano cewa idan mutum ya karanta aikatau na Ingilishi mai nufin lasa, ko ɗauka, ko shuri, sassan ƙwaƙwalwar da ke motsa harshe ko hannu ko ƙafa sukan farka. A ra'ayinsu, fahimtar kalma ta ƙunshi maimaita aikinta a cikin kai.

Ko shakka babu wannan ra'i ya yi rawar gani wajen nuna cewa ma'ana ba a ɗaki ɗaya take kulle ba. Binciken Huth da abokan aikinsa (2016), waɗanda suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum bakwai suna sauraren labarai, ya ƙarfafa hakan, domin an ga ma'ana a warwatse a ɓangarorin biyu.

Sai dai a ganin wannan nazari, ra'in yana da rauni. Ɗauki aikatau "ci" a Hausa. Bahaushe yakan ci tuwo, ya ci kasuwa, ya ci bashi, ya ci jarrabawa, ya ci amana. A misali na farko ne kaɗai baki yake aiki. Idan sashen da ke motsa baki ya farka a "cin amana", to farkawar ba ta bambanta amana da tuwo ba, alhali a nan ma'anar take. Idan kuwa bai farka ba, to an fahimci kalmar ba tare da shi ba. Ko ta yaya aka duba, kalmar da ke biye da aikatau ce take tantance nufi.

Bugu da ƙari, farkawar wani sashe ba hujja ba ce ta cewa shi ne ya haifar da fahimta. Tana iya zama abin da ya biyo bayanta. Saboda haka wannan kundi zai yi amfani da ra'in wajen bayanin ma'anar asali kawai, ban da ma'anar aro, wadda babi na uku zai duba.